Hukuncin Wasan Jirgin Leda Tsakanin Kabul da Lahor

Tsakanin shekarar 1996 da ta 2007 an hana wasan jirgin leda a manyan birane biyu na Musulmi waɗanda suka yi suna da shi tun kaka da kakanni, wato Kabul ta ƙasar Afganistan da Lahor ta ƙasar Pakistan, kuma wanda ya hangi lamarin daga nesa zai ɗauka hukunci ɗaya ne aka zartar sau biyu. Sai dai in aka bi diddigin dalilan da kowane ɓangare ya kafa hujja da su, za a tarar hanin biyu ba daga tushe ɗaya suka fito ba, domin a Kabul wasan kansa aka tuhuma, a Lahor kuwa gawarwakin da aka riƙa ɗauka daga kan titi ne suka tilasta wa kotu yin magana. Wannan bambanci shi ne ƙofar wata tsohuwar tambaya da malaman fiƙihu suka daɗe suna juya ta: yaushe ne abin da shari'a ta bari a kan halacci yake komawa abin hani, kuma idan ya koma, wane sashe nasa ne hukuncin yake hawa kansa?

Wasan da ake yi a waɗannan ƙasashe ya sha bamban da wanda yaran ƙasar Hausa ke yi a lokacin hunturu, inda ake ɗaure leda a kan tsinken tsintsiya a sake ta ga iska don a ga iyakar nisan da za ta kai. A Punjab da Gujarat da Kabul gasa ce ta yanke zare. Jirgin, wanda ake kira patang a yawancin yankin, ana yin sa da takarda mara kauri da siraran sandunan gora guda biyu, ɗaya a miƙe ɗaya a lanƙwashe, kuma ba a sa masa doguwar jela, saboda haka ba ya tsayawa cik a sama: in aka sassauta zare sai ya kama juyawa, in aka ja zaren a daidai lokacin da hancinsa ya fuskanci inda ake so sai ya nufi can da gudu. Gwanin wasa yana amfani da wannan rashin natsuwa ne ya kai zarensa kan na abokin karawarsa, su goga har ɗaya ya tsinke. Don haka ake shafe zaren da garin gilashi da aka kwaɓa da danƙo, abin da ake kira manja a Indiya, a Lahor kuma aka fi ce masa dor. Wanda bai riƙe wannan bayani ba zai yi ta jayayya a kan takarda da gora, alhali kuwa rai ana rasa shi ne a kan zare.

Hujjar farko da masu haramta wasan ke kawowa ita ce cewa lahawu ne, wato abin da ke shagaltar da zuciya ba tare da wata fa'ida ta duniya ko ta lahira ba, kuma Alƙur'ani ya ambaci lahawu a wuraren zargi, kamar a farkon Suratu Luƙman da kuma inda aka siffanta rayuwar duniya da wasa da shagala a Suratul An'am. Amma ƙa'idar da jumhurun malaman usulu, wato ilimin tushen hukunce-hukunce, suka tafi a kai ita ce al'adu da mu'amaloli asalinsu halacci ne har sai dalili ya zo da hani, saɓanin ibada wadda ba a yin ta sai da umarni. Sunna kuma ta nuna a aikace cewa ba kowane wasa ne abin zargi ba, tun da Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Habashawa sun yi wasa da masu a cikin masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Nana A'isha tana kallo yana kāre ta, kuma a hadisin Hanzala da ke cikin Muslim an kwantar wa sahabin hankali cewa zuciyar mumini tana da lokacin himma tana da lokacin sararawa. Imamu Gazali, a babin da ya yi kan sauraro a cikin Ihya'u, ya ɗauki wasa a matsayin maganin gajiyar zuciya, irin wanda ke mayar mata da ƙarfin komawa ga aiki. Masu kāre jirgin leda sukan so su ƙara da cewa ai ya amfani ilimi: da shi Benjamin Franklin ya gwada alaƙar walƙiya da lantarki a 1752, da shi aka fara ƙetarar da igiya a kwazazzabon Niyagara a 1848 don gina gada, da shi 'yan'uwan nan biyu na gidan Wright suka gwada dabarar sarrafa fukafukai a 1899 kafin jirginsu ya tashi a 1903, kuma shi ya ɗaga wa Marconi wayar da ya karɓi saƙon rediyo daga ƙetaren tekun Atlantika a 1901. Duk wannan gaskiya ne, sai dai halaccin wasan bai rataya a kansa ba, domin mubahi, wato abin da aka bar wa mutum zaɓi a yi ko a bari, ba ya bukatar ya kawo shaidar amfani kafin a ƙyale shi, kuma farin cikin yaron da ba zai taɓa ƙera jirgin sama ba yana da nasa matsayi a shari'a.

Imamu Shaɗibi na Garnaɗa, wanda ya rasu a shekara ta 790 bayan hijira, ya yi wani rabe-rabe a cikin Muwafaƙat wanda ya fi dacewa da wannan mas'ala fiye da duk wata fatawa ta kai-tsaye. Ya nuna cewa abu yana iya zama halal idan aka dube shi a ɗaiɗaiku, amma ya zama abin ƙi idan aka dube shi a dunƙule, kuma misalan da ya bayar sun haɗa da shan iska a lambu da wasa da tattabaru: wanda ya yi su wata rana ko a wani yanayi babu laifi a kansa, wanda kuwa ya mayar da su sana'ar rayuwarsa ya fita daga ɗabi'ar masu hankali. Abin lura shi ne wannan hukunci yana kallon mutum ne da yadda yake kashe lokacinsa, ba ya kallon kayan wasan, kuma iyakar da yake kaiwa a nan ita ce karhanci. Saurayin da ya wuni a saman soro har sallar Azahar da La'asar suka wuce shi ya yi laifi babba, amma laifin nasa barin salla ne, kuma da ƙwallo ko dara ko hira ce ta shagaltar da shi, da hukuncinsa bai canza ba.

Hujja ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, kuma ita ce da yawa daga malaman fatawa na Indiya da Pakistan suka dogara da ita, wato ƙiyasi, wanda ke nufin ɗora hukuncin abin da nassi ya ambata a kan abin da bai ambata ba saboda sun yi tarayya a illa, ma'ana dalilin da ya sa aka yi hukuncin. Abu Dawud da Ibnu Majah sun ruwaito cewa Manzon Allah ya ga wani mutum yana bin tattabara, sai ya siffanta shi da ita da shaiɗanci, kuma kamannin da ke tsakanin mai tashin tattabaru da mai tashin jirgi a fili yake: dukansu suna kan soro, idanunsu suna sama, lokaci yana tafiya. Sai dai malaman da suka yi sharhin hadisin ba su fahimci cewa tattabara ce aka haramta ba, domin an naƙalto daga Imamu Nawawi cewa kiwonta don ƙwai ko ɗebe kewa ko aika saƙo halal ne ba tare da karhanci ba, tashinta don wasa makaruhi ne, in kuma caca ta shiga sai ya zama haram. Littattafan Hanafiyya ma, waɗanda su ne madogarar malaman wancan yanki, sun bayyana abin da suke tsoro, domin a cikin Durrul Muhtar na Haskafi an ambaci mai tashin tattabaru da ke hawa soro yana leƙa tsiraicin Musulmi yana fasa wa mutane gilasai da jifa, aka ce irin wannan a ladabtar da shi a hana shi. Ke nan illar ita ce keta sirrin maƙwabta da ɓarnata dukiyarsu da caca, kuma ƙiyasi na gaskiya yana bin illa duk inda ta je, ya tsaya a inda ta tsaya.

Da wannan ma'auni ya kamata a auna hanin Kabul. Bayan 'yan Taliban sun kama birnin a watan Satumba na 1996, hukumarsu ta umarni da kyakkyawa da hani ga mummuna ta fitar da jerin dokoki da suka haɗa da hana kiɗa da kiwon tattabaru da tashin jirgi, wanda mutanen Kabul ke kira gudiparan, aka kuma umarci a rufe shagunan da ke sayar da shi, kuma dalilan da aka ambata su ne caca da mutuwar yara da kauce wa karatu. Babu ɗaya daga cikin ukun da yake ƙarya, domin ana caca da kuɗi a kan wasan, kuma yara kan faɗo daga soraye. Tambayar ita ce ko toshe hanyar ɓarna yana halatta rushe duk abin da ɓarna za ta iya bi ta cikinsa. Mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ta fi kowace mazhaba suna da riƙo da saddu zari'a, wato hana halal idan ya zama tsani zuwa haram, amma babban malaminta Shihabuddin Ƙarafi na Masar, wanda ya rasu a 684 bayan hijira, shi ne ya yi wa ƙa'idar linzami a cikin littafinsa Furuƙ. Ya kasa hanyoyin ɓarna gida uku: wadda al'umma ta haɗu a kan toshe ta, kamar haƙa rijiya a kan hanyar Musulmi, wadda ta haɗu a kan ba a toshe ta, kamar shuka inabi, wanda babu malamin da ya hana shi don tsoron a yi giya da shi, da wadda aka yi saɓani a kanta, kamar wasu nau'o'in cinikin bashi. Takarda da gora da zaren auduga a hannun yaro ranar Juma'a sun fi kusa da gonar inabi, tun da mafi yawan masu wasan ba sa caca kuma ba sa faɗowa, kuma cacar tana da nata hukunci da za a iya zartarwa a kan mai yin ta. Hukumar da ta bar mai caca ta kama takarda ta sauƙaƙa wa kanta aiki ne da kuɗin farin cikin waɗanda ba su yi laifi ba, a birnin da yaƙin basasa ya riga ya rushe wa yaransa kusan kowane wurin wasa.

Akwai wata ƙaramar mas'ala da malaman fatawa kan tsaya a kanta, kuma ta cancanci a ambace ta ko da a taƙaice, wato jirgin da aka tsinke, wanda yara ke rububin kamawa a lunguna, al'adar da marubuci Khaled Hosseini ya gina littafinsa na 2003 a kanta. Wasu sun ce wannan cin dukiyar wani ne ba da yardarsa ba, tun da tsintuwa ba ta zama mallakar wanda ya tsinta. Amma wanda ya shiga gasar ya shiga ne da sanin cewa abin da ya tsinke ya tafi, kuma al'ada ta tabbatar da hakan, saboda haka lamarin ya fi kama da watsa alewa a wurin walima, wanda Muhtasar Halil ya lissafa a cikin makaruhai saboda wawaso da zubar da mutuncin da ke cikinsa. Haɗarin da ya fi girma a nan shi ne yaron da ke gudu idonsa a sama ya afka titi.

Hujja ta uku ta shafi Lahor ita kaɗai, domin a can wasan ya haɗu da bikin Basant, wanda ake yi a ƙarshen sanyi lokacin da gonakin Punjab ke rufewa da fure rawaya, kuma ranar tana da asali a kalandar Hindu, inda ake girmama abar bautarsu Saraswati. Masu suka sun ce halartarsa kamanceceniya ce da ma'abota wani addini. Babu shakka duk abin da ya shafi bauta ga wanin Allah haramun ne ga Musulmi ko da wane suna aka kira shi, amma tarihin yankin ya nuna cewa Musulmi sun daɗe da raba murnar sauyin yanayi da waccan bauta, har mabiya ɗariƙar Cishtiyya suna raya ranar a hubbaren Nizamuddin Auliya da ke Delhi ƙarni bayan ƙarni. Ko da an karɓi hujjar gaba ɗayanta, iyakarta ta hana keɓance rana, ba za ta taɓa jirgin da aka tashi a wata ranar ba, ballantana a Kabul inda babu Basant.

Abin da ya sauya hukuncin Lahor na haƙiƙa bai fito daga littafi ba, ya fito ne daga masana'anta. Tsohon zaren na auduga ne, yana yankar yatsun mai riƙe da shi, amma yana tsinkewa idan ya sha nauyi, kuma ruwa da rana suna ruɓar da shi. Da gasa ta yi zafi, kuɗi suka shiga, sai aka koma zaren roba mai ƙarfi da aka shafe da gilashi da sinadarai, wasu ma suka koma siririyar wayar ƙarfe, kuma wannan ya zo daidai da lokacin da babura suka cika titunan birnin. Zaren da ya tsinke yakan sauko ya gitta kan titi a daidai tsayin wuya, ido ba ya ganinsa, kuma mai babur da ke tafe da gudu, ko ƙaramin yaron da aka ɗora a gabansa, shi ke karɓar kaifin. Wayar ƙarfe kuwa in ta faɗa kan wayoyin lantarki takan kashe mai riƙe da ita, ta jefa unguwanni cikin duhu. A kan haka Kotun Ƙolin Pakistan ta hana wasan a 2005, aka riƙa sassautawa na 'yan kwanaki don biki, har zuwa Basant na 2007 wanda aka yi asarar rayuka a cikinsa, daga nan hanin ya zauna na tsawon shekaru masu yawa. Shaidar cewa matsalar ba ta aƙida ba ce ita ce ƙasashen da ba na Musulmi ba sun ci karo da ita: a Delhi, a ranar bikin 'yancin kai ta 15 ga Agustan 2016, zare ya yanke wuyan ƙananan yara biyu da wani mai babur, kuma a 2017 kotun kare muhalli ta Indiya ta haramta zaren roba a faɗin ƙasar, a Birazil da Chile ma akwai dokokin da ke hukunta mai amfani da zaren gilashi. Wannan zare shi ne rijiyar da Ƙarafi ya ambata, wadda aka haƙa a kan hanyar jama'a, kuma hadisin hana cuta da cutarwa, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa kuma ɗalibai ke haddace shi a Arba'una Hadisi, ya isa hujja a kansa ba tare da an nemi wata ba.

A nan ne masu kāre Basant da sunan al'ada da yawon buɗe ido suke yin kuskuren da ya yi daidai da na Kabul ta ɗaya gefen, domin su ma sun ƙi raba jirgi da zare. Sukan ce kowane wasa yana da haɗari, kuma ana mutuwa a tseren doki da dambe. Amma ɗan dambe ya shiga fage da ƙafarsa, ya san abin da ya tara, alhali mai babur da ke komawa gida da ɗansa bai shiga gasar kowa ba, bai ji daɗinta ba, ba a nemi yardarsa ba. Shari'a tana sassauci ga haɗarin da mutum ya ɗaukar wa kansa gwargwadon hali, amma ba ta ba kowa izinin ya sayi nishaɗinsa da jinin wanda ke wucewa ba, kuma yawan masu murna ba ya rage nauyin rai ɗaya da aka ɗauka ba da haƙƙi ba. Haka nan tsuntsaye suna da nasu haƙƙin, tun da a Ahmedabad ta Gujarat, bayan bikin tashin jirgi na Uttarayan na 14 ga Janairu, asibitocin dabbobi kan cika da tattabaru da shirwa da ungulaye masu yankakkun fukafukai, kuma zaren roba yakan zauna a kan itatuwa yana kama su watanni bayan an watse.

Saura tambaya mai wuya: in hukuma ta kasa raba mugun zare da mai kyau, shin tana da ikon hana wasan ɗungurungum? Amsar da ta fi kusa da ƙa'idojin malamai ita ce tana da shi, domin kāre rai yana gaba da kāre nishaɗi, kuma tunkuɗe ɓarna ana gabatar da shi a kan jawo amfani. Sai dai irin wannan hani siyasa ce ta shari'a, wato matakin da shugaba ke ɗauka don maslahar jama'a a wani lokaci da wani wuri, wanda ke ɗorewa muddin dalilinsa yana nan kuma ya faɗi idan dalilin ya gushe. Ya bambanta da a ce Allah ya haramta abu, maganar da Alƙur'ani ya yi kashedi mai tsanani a kan furta ta ba da ilimi ba, a Suratun Nahli da wasu wurare. Hanin maslaha kuma yana ɗora wa mai yin sa nauyi, domin a tsohon birnin Lahor akwai gidaje masu yawa da abincinsu ya dogara ga yanka takarda da fere gora, cikinsu har da mata masu aiki a cikin gida, kuma hukumar da ta rufe musu sana'a saboda gazawarta ta kama masu sarrafa zaren roba tana da bashin ta ci gaba da neman hanyar da za ta taƙaita hanin ga inda ɓarnar take, ko ta hanyar keɓe filaye a bayan gari, ko yi wa masu sana'ar rajista, ko tsananta hukunci a kan masana'antar zaren.

Malaman Malikiyya sun raba mai ɓarna gida biyu, mai yi da hannunsa da mai zama sanadi, kuma a babin diyya na Muwaɗɗa Imamu Malik ya bayyana cewa wanda ya haƙa rijiya ko ya ɗaure dabba a kan hanyar Musulmi, a inda ba shi da izinin yin haka, shi ke da lamunin abin da ya salwanta ta dalilinsa. Da za a san mai zaren da ya yanke wuyan mai babur, da hukuncinsa bai ɓuya ba. Wahalar ita ce zaren da ya tsinke ba ya ɗauke da sunan kowa, yana iya tafiyar unguwanni kafin ya sauka, kuma wanda ya sake shi yana iya kwana cikin murnar wasansa bai san ya yi kisa ba. Saboda haka nauyin yana komawa baya ta hanyar da zaren ya biyo, zuwa ga wanda ya saye shi yana sane da kaifinsa, da ɗan kasuwar da ya ɓoye shi a ƙarƙashin kanta, da mai masana'antar da ya shafa masa gilashi, da jami'in da ya karɓi na goro ya kau da kai, kuma iyalan mamacin da ba su sami wanda za su kai ƙara ba suna da haƙƙi a kan baitulmali, kamar yadda malamai da dama suka faɗa game da wanda aka kashe a cikin turmutsutsu ba a san wanda ya kashe shi ba.